Hagun Inna Dijatu

Mahaifiyata Dijatu ba ta taɓa kiran sunana ba. Shekarata hamsin da shida a duniya, ban taɓa jin kalmar Sahabi ta fito daga bakinta ba, domin ni ne ɗanta na fari, kuma a ƙasarmu ta Kurfai mace irin ta zamaninsu ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama hira da shi. Ina yaro sunana a wurinta "wancan". Da na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, na samu ƙarin girma, na koma "mai lakwal". Da aka ba ni daraktan wata lakwal a Filinge, har mutanen gari suna ce mini Mushe, kiran girma na Faransanci, na zaci za a sake yi mini ƙari, amma ba a yi ba. Idan tana da magana da ni, sai ta juya wajen bango ko wajen duk wanda ke kusa ta ce a faɗa wa mai lakwal kaza, alhali ina tsaye a gabanta.

An haife ta a wani ƙauye cikin kwarin da muke ce wa dallol, inda goruba ta fi mutane yawa, kuma kabar gorubar nan ce ta riƙe ta har tsufa. Tun tana 'yar budurwa take saƙar tabarma da faifai. Da aka kawo ta Filinge gidan mahaifinmu, manomin gero, da saƙarta ta zo. Ta haihu tara, huɗu muka rayu, ni a farko, Samiratu a ƙarshe. Tabarmarta mai jan baki sananniya ce a kasuwa, har fataken Baleyara sukan tambaye ta da suna. Ita ce jan ruwa a rijiya, ita ce daka, ita ce surfe, da rana ta yi sanyi kuma ta miƙe ƙafa ta ɗauki kaba. Mace ce mai kaifin baki. Ba wanda ta ragawa a unguwa, har limami ya taɓa shan nasa a kan akuyarsa da ta ci mata kabar da ta rina. Ni kaɗai na tsira daga bakin nan, kuma sau da yawa ina yaro na yi fatan ta zage ni ko sau ɗaya, kamar yadda take zagin Samiratu suna dariya.

Ciwon ya fara mata shekara goma sha biyar da suka wuce. Da farko yatsu ne ke sandarewa da safe, sai rana ta ɗaga su saki. Daga nan ya hau wuyan hannu, ya zauna a gwiwoyin hannu biyu, suka kumbura suka yi zafi. Maƙwabta suka ce sanyi ne. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho. 'Yan'uwanta na ƙauye, waɗanda har yau ba su bar al'adar kakanni ba, suka ce iska ce, suka zo da mai gogen bori. Ni kuwa na tsaya a tsakar gida na yi musu darasi a kan ilimin zamani, rabinsa da Faransanci, suka saurara da ladabi, suka gama abin da ya kawo su suka tafi. A likitar Filinge, wato asibitin garinmu, aka ce ciwon gaɓɓai ne irin wanda jiki da kansa ke cin gaɓoɓinsa, aka ba ta ƙwayoyi. Suna lafar da shi, ba sa kashe shi. A hankali ta ajiye kaba. Da mahaifinmu ya rasu na dawo da ita gidana, na gina mata ɗaki da makewayinta a baya, kuma na daɗe ina jin daɗin yadda mutane ke yaba mini a kan haka.

Shekara uku da suka wuce, bayan an gama girbi, Inna ta canza. Da can tare take cin tuwo da matata Hauwa da jikokinta a kwano ɗaya, tana gutsura tana sa wa ƙanana a baki. Sai ta ce a riƙa zuba mata nata daban, a ba ta cokali. Cokalin ma da hagu take riƙe shi, abin da a da in ta ga yaro ya yi sai ta make masa hannu. Hannun dama ta tura shi cikin mayafi, ba ta miƙa wa kowa kome da shi, ba ta karɓa da shi. Abinci ta rage, ruwa ma sai an yi da ita. Ta rame har wuyanta ya fito.

Ni mutum ne mai lura, haka nake faɗa wa kaina. Na samo sabon littafi irin na 'yan lakwal, na riƙa rubuta abin da nake gani da kwanan wata. Hagunta ya daɗe da ƙagewa a lanƙwashe kamar mariƙin buta, ba ya miƙewa, amma ga shi yana kai cokali baki. Dama kuwa ya ɓace cikin mayafi. Sai na yanke hukunci, na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro: hannun dama ya daina aiki. Ban tambaye ta ba. In ma na tambaya, bango za ta ba amsa.

Majo, babban ma'aikacin jinya na likitar Filinge, ya ba mu takarda zuwa wurin likitan ƙashi a Yamai. Inna ta aiko Hauwa ta faɗa mini a tsaya Bankuku a ɗauki Samiratu, can take aure. Na ce mene ne amfaninta, yarinyar da ko gaisuwar Faransanci ba ta iya ba? Yarinyar nan da nake faɗi shekararta arba'in da 'ya'ya shida. Hauwa ta ce ni dai in tsaya. Muka tsaya muka ɗauke ta, da muka isa asibiti na zaunar da ita a benci na waje, na ce ta tsare mana kaya.

Likitan matashi ne, siriri, mai tabarau. Tun daga bakin ƙofa na buɗe masa Faransancina na ranar biki, wanda nake ajiye wa masu duba lakwal. Na gabatar da kaina da muƙamina da shekarun aikina, sannan na gabatar da mara lafiya. Ya amsa da Faransanci, muka ci gaba a haka. Inna na zaune a kujera ta ba ni kafaɗa, tana kallon kalandar bango.

Ya ɗaga hotunan ƙashi wajen haske ya nuna mini. Ya ce a cikin gwiwar hannu akwai wata fata mai laushi da ke lulluɓe gaɓar, ita ce ciwon ke kumburawa, ta yi kauri, ta riƙa cin guringuntsi har ƙashi ya fara gogar ƙashi. Ya ce aiki iri uku ake yi. Na farko, a buɗe gaɓar a kwashe kumburarriyar fatar, a yanke kan ƙaramin ƙashin da ke tokarewa, a sassauta abin da ya ɗaure. Zafi yakan ragu, motsi yakan ƙaru, amma ba a yin alkawari, kuma ciwon na iya dawowa in an bar shan magani. Na biyu, a cire gaɓar a sa ta ƙarfe da roba. Hannu zai lanƙwashe ya miƙe, amma har abada ba zai ɗauki abin da ya wuce buta cike da ruwa ba, kuma ƙarfen na iya kwancewa a ƙashin da ya yi laushi. Na uku, a haɗe ƙasusuwan su zama ɗaya, zafi ya tafi, motsi ma ya tafi, hannun ya tsaya a yadda aka ajiye shi. Wannan, in ji shi, ba ya son yi wa mai irin ciwonta, tunda kafaɗa da wuyan hannu su ma ba lafiya gare su ba balle su rama mata.

Ni dai tunda na ji ƙarfe da roba zuciyata ta tafi can. Har na fara jin yadda zan ba da labari a majalisarmu ta bakin kasuwa, cewa uwar Mushe Sahabi gwiwar ƙarfe gare ta. Likita ya kashe mini wannan da sauri. Ya ce ba su da kayan a hannu, kuma gaɓoɓinta ba su lalace har can ba, na farkon ya fi dacewa. Sannan ya ce a hoto hannuwan biyu kusan ɗaya suke, ba a yi musu aiki tare, saboda haka wanda ya fi hana ta rayuwa shi za a fara. Wanne ne?

Na buɗe littafina na karanta masa shafi uku. Dama ne, babu ko shakka. Bayan na gama na juya na fassara wa kafaɗar Inna abin da muka yanke. Ta ce wa kalanda, "To." Aka ba mu rana, kwana tara gaba, muka sauka gidan wani ɗan'uwanmu. A kwanakin nan ko rabin ludayin fura ba ta shanyewa, na rubuta a littafi cewa tsoron aiki ne.

Ranar da za a kwantar da ita likita ya ce zai gwada hannuwan da kansa kafin a sa hannu a takarda. Ya nuna mata da alama ta kai dama baki. Ta fito da shi daga mayafi ta kai, tana yamutsa fuska, amma ya kai. Ya sa ta taɓa ƙeya, ta taɓa. Ya sa ta miƙe shi, ya miƙu kusan duka. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce hannun da na ce ya daina aiki ga shi yana aiki. Na ce ai yau ne kawai. Sai ya koma hagu. Ya kai baki, amma da ya kama shi zai miƙar, ya tsaya cak, tafin ma ba ya juyawa. Ya sa nasa hannun a bayansa, can ƙasan ƙugu, ya nuna mata ta yi haka. Inna ba ta motsa ba. Ya sake nunawa. Ta sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce mata da muryar aji ta daure ta yi abin da aka ce, mutumin nan yana da marasa lafiya da yawa.

Likita ya ja kujerarsa kusa da ita, ya yi magana da Hausa tsantsa, irin ta mutanen Tawa.

"Inna, wanga ɗanki na nawa na?"

Kwana tara ina yi wa Bahaushe tafinta da Bahaushiya. Inna ba ta amsa ba, sai ni na ce na fari ne, har da ɗan alfahari. Ya ajiye biro a tebur.

"Mushe, ba ku zo da ɗiya mace ba?"

Na ce akwai ƙanwata a waje tana tsaron kaya.

"To tahi ka tsare kayan, ka turo min ita."

Na zauna a benci tsakanin buhun garin gero da tabarmar sallah, da littafina a cinya, na fi awa ɗaya. Da Samiratu ta fito idonta ja ne. Ta ce an canza, hagu za a yi wa aiki. Na tambayi dalili, ta ce maganar mata ce. Wanda ya san ciwon kansa da nan ya tsaya. Ni kuwa na shekara talatin ina matsa wa yara har su faɗi wanda ya fasa tagar aji, na san yadda ake yi. Na matsa mata, na ce ni ne babba, ni na kawo ta, ni zan sa hannu. Har ta gaji ta juyo.

"Yaya, kai da ka yi karatun duniya, da wane hannu mutum ka tsarki?"

Ta ci gaba, muryarta ƙasa ƙasa. Tun bayan girbin nan hagun Inna ya daina kaiwa inda ake bukatarsa a makewayi. Ba ta iya faɗa wa surukarta, ba ta iya faɗa wa ɗanta na fari. Sai ta koma yi da dama. Tana wanke shi da sabulu, ta bi da toka, amma zuciyarta ta ƙi yarda ta sake sa shi a kwanon da jikokinta ke ci, ko ta miƙa wa mutum abu da shi. Ta rage ci da sha don ta rage zagayawa. Sallarta ma kullum cikin shakka take yin ta. Na ce to me ya hana ta faɗa wa Samiratu tuntuni? Ta ce ta wace hanya? Wayar tawa ce, kuma duk ranar da suka yi magana ni ke riƙe mata ita, in buɗe muryar wayar don kada hannunta ya gaji, ina tsaye a kanta ina jin daɗin kaina. A kwana taran Yamai ma ban matsa daga kansu ba, ni da littafina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan "To" da ta ce wa kalanda. Da an yi wa dama aiki, da makonni zai yi a naɗe, hagu ba ya kaiwa, sai dai wani ya wanke ta. Ta san haka tun a ranar, kuma ta gwammace ta amsa da ta buɗe baki a gabana. Samiratu ta ce shawarar da Inna ta yanke ita ce ta bar cin abinci gaba ɗaya har a kwance hannun. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, domin ni na kusa kai ta can da hannuna.

Aka yi wa hagu aiki washegari. Likita ya ce ya kwashe abin da zai kwasu, ya cire kan ƙashin, kuma tun tana kan gadon aiki hannun ya miƙu fiye da da. Sauran ya rage ga motsa shi kullum, ko da zafi, da shan magani ba fashi. Ya faɗa mini haka da Hausa, ni ma da Hausa na yi godiya.

Da na tsaya nan, da labarin ya yi kyau. Amma ni an koya mini, na kuma koya wa yara, cewa wanda ya yi laifi ya fito fili ya amsa. Kwana uku ina juya abin a raina. Rana ta uku bayan la'asar na shiga ɗakin mata, gado takwas duk da mutane da masu jinyarsu, na durƙusa a gaban gadon Inna. Na ce ta yafe mini, na san duk abin da ya faru, Samiratu ta faɗa mini kome, kuma ba abin kunya ba ne, lalura ce. Har na ƙara da cewa malamai sun yi sauƙi a kan irin wannan. Na yi maganar da kyau, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Inna ta sa hannun dama ta ja zane ta rufe fuskarta. Wata tsohuwa a gadon kusa ta juya mana baya don ta rage mata nauyi. Samiratu ta dube ni, ba ta zage ni ba, ta dai nuna mini ƙofa da haɓa. Sai a waje na gane cewa abin da Inna ta yi shekara guda tana biya da yunwa da ƙishirwa shi ne kada in sani, kuma ko bayan na sani, da na yi shiru da ta iya zama kamar ban sani ba.

Aka sallame mu bayan kwana goma sha biyu. A mota ta zauna baya da Samiratu, ni a gaba. Da muka tsaya Bankuku don Samiratu ta sauka, sai na ga ana sauke kayan Inna ma. Samiratu ta ce Inna za ta zauna wurinta har hannun ya warke, tunda ita aka koya wa yadda ake motsa shi. Magana ce mai hankali, ban iya musu ba. Na ƙarasa Filinge ni kaɗai da ragowar garin gero.

Hannun ya yi kyau. Bai miƙe sarai ba, kuma yatsun suna nan yadda ciwo ya bar su, amma yana kaiwa inda ake so, ba ta bukatar kowa. Ta mayar da jikinta. Na ji labarin har ta yi faɗa da mai kiwon unguwarsu a kan wata tunkiya, na yi murna ƙwarai. Duk wata nakan hau mota in je in gaishe ta. Nakan zauna a zaure, ita tana ciki bayan zana, in yi gaisuwa, Samiratu ta kawo amsa. A gida Hauwa na share ɗakin Inna duk Juma'a, yara suna tambayar kakarsu.

Da aka shekara na ce wa Samiratu ta tambaye ta yaushe za ta dawo gida. Ta shiga, na ji suna magana ƙasa ƙasa, ta fito ta tsaya a bakin zaure tana gyara ɗankwali.

"Tac ce a gaida mai lakwal, ba ta riƙe shi da komi ba. Tac ce za ta komo ranar da ya mance."

Yanzu shekara biyu ke nan da aikin. Ban sake tambaya ba, don na san amsar ba ta canza ba. Wata mai zuwa ma zan je in zauna a zauren, in gaishe ta ta bayan zana, in hau motar yamma in dawo.